Seini na Mutuware da Yajin Ranar Juma'a

Jita-jitar da ta fi tashe a Zango bara ita ce wai Seini ya shigar da gawawwaki ƙungiyar ma'aikata. Wai ya bi su firji-firji yana yi musu huɗuba, har suka ɗaura jan ƙyalle a ka suka fito maci. Wani direban trotro, ƙaramar bas ɗin haya, ma ya rantse ya sauke wasunsu a tashar Kejetia. Ƙarya ce tsagwaronta. Seini taubashina ne, ɗan gwaggota, na san iyakar bakinsa. Masu rai ma sai da ya yi furfura kafin ya shawo kansu.

A unguwar Akwatialine aka haife shi. Da ya tasa aka kai shi Magazin koyon gyaran mota, amma duk motar da ya taɓa, in ta zo da tari sai ta koma da farfaɗiya. Maigidan ya roƙe shi don Allah ya nemi sana'ar da abin gyaran ba zai ƙara lalacewa ba. Allah ya amsa. Ya sami shara a wani asibitin gwamnati, daga nan aka tura shi mutuware, ɗakin ajiye gawa.

Daga ranar hannunsa ya zama abin tsoro. In ya miƙa, sai mutum ya dafa ƙirji ya ce ai yana mura. A wajen suna ko ɗaurin aure kowa na zagaye da faranti ɗaya, shi kuwa a zuba masa nasa daban a roba, wai girmamawa ce. Matarsa Rashidatu ta yi iya haƙurinta, amma da maƙwabta suka daina sayen kokonta sai ta ɗauki 'yarsu ta tafi ganin gida Bawku. Har yau tana ganin gidan. Ya rage shi kaɗai a ɗakin ƙarshe kusa da famfo, shi da rediyo.

Rana ɗaya ce ake tuna ƙofarsa: ranar da aka yi rashi a asibiti. Nan za ka ji "Baba Seini, taimaka a fito mana da shi kafin azahar." Mu Zango ba ma barin mamaci ya kwana. Seini zai bi likita har bakin bayi don a sa hannu, ya turo gawa da kansa, ya taya sa ta a mota. A ranar har "Allah ya yi maka albarka" yake samu. Da wannan yake rayuwa.

Aikin kuwa ba safar hannu, ba takalmin roba, ba abin rufe hanci. Maganin da ake yi wa gawa ya saɓule masa fatar yatsu, idonsa kullum kamar ya ci barkono da shi. Abokin aikinsa Opanin Boakye, wani dattijon Batone, wato Ba'asante, in ya fara tari sai tagogi su amsa. Seini ya ce a haɗa kai. Ranakun hutunsa a trotro suka ƙare, yana bin asibitocin ƙauyuka da gurgun Tonancinsa, yana samun masu irin aikinsa a bayan gini inda ko kaji ba sa zuwa. Wasu su yi masa dariya, wasu su ce, "Kramo, so kake a kore mu?" Kramo suke kiran Musulmi. A hankali dai suka biyo shi, har suka naɗa shi shugaban reshe.

Da aka gaji da kai kuka ofis, aka yanke shawarar yajin aiki. Seini da kansa ya zaɓi ranar, yana ta hura hanci kamar janar. Tonawa kan ajiye mamacinsu wata da watanni, sai Juma'a su ɗauka don bikin binnewa ranar Asabar. A rufe ƙofa ranar Juma'a, in ji shi, manya za su ji a jikinsu. Aka yi masa tafi. Ya lissafa mutuwar kowa, ya manta da ta mutanensa, wadda ba ta duba kalanda.

Da hantsin Juma'ar Malam Abdul-Manan, ladanin masallacinmu, ya cika a asibitin. Kafin labari ya iso Zango an riga an shigar da shi mutuware, aka kulle, aka ɗaura jan ƙyalle a ƙofa, alamar yaji.

Jama'a suka zo da likkafani a hannu, ɗan Malam, Nurudeen, a gaba, Kawu Osmanu dattijon unguwa na biye.

"Seini, buɗe," in ji Kawu. "An riga an haƙa kabari."

"Kawu, muna yaji."

"Yaji da wa? Da Malam? Shi ya hana ka takalmi?"

Nurudeen bai ɗaga murya ba. "Baba Seini, shi ya raɗa wa 'yarka suna. So nake a yi masa salla bayan Juma'a, cikin jama'a. Shi ke nan."

Seini ya zagaya wajen abokan aikinsa a gindin mangwaro. Can gefe ga dangin Tonawa cikin baƙaƙen zannuwa, da motocinsu da masu bushe-bushensu, su ma an hana su nasu. Boakye ya gama tarinsa ya ce, "Kramo, innata tana ciki. An kafa rumfuna a gida, 'yan'uwa sun zo daga ƙasar waje. Ban buɗe ba. In ka fitar da naka, zan fitar da tawa, kowa ya fitar da nasa, mu koma kama gawa da hannu har mu bi su." Ya ciro mabuɗi ya danƙa masa. "Kai ka tara mu. Ga shi."

Seini ya daɗe yana juya ƙarfen nan. Sai ya jefa shi aljihu, ya koma ya ce, "Kawu, ku yi haƙuri."

Abin da Kawu ya faɗa ba zai rubutu ba. Nurudeen naɗe likkafanin kawai ya yi, ya juya.

Seini bai je masallaci ba ranar. A benci ya zauna bakin ƙofar, shi kaɗai, har ya jiyo kiran salla daga nesa da wata murya daban. Mai shara ta ce ta gan shi ya kara baki a jikin ƙofa yana magana ƙasa-ƙasa. Bai taɓa gaya wa kowa abin da ya ce ba.

Bayan ƙarshen mako manya suka sauko, da kwalayen safar hannu da takalma da alkawura. Aka buɗe. A sallar Malam, liman ya yi ta cewa a cike sahu, amma filin da aka bari gefen Seini dama da hagu, sai ka faka trotro. Tun daga nan, in an yi rashi, mutanen Zango Boakye suke nema, su yi ta fama da Tonanci. Ba mai ƙwanƙwasa ɗakin kusa da famfo.

Kwanan baya na leƙa shi. Yana zaune yana goge takalmin robarsa kamar na zuwa Idi.

"Ranka ya daɗe, shugaban ƙasar firji," na ce. "Ka ci nasara, ka sami takalmi. To ranar da ka mutu wa zai wanke ka? Zango dai ta yi yaji."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Kai dai roƙi Allah ka riga ni. In ka riga ni, akwai mai karɓarka da hannu biyu. In na riga ka, a ƙafa za a jawo ka."