Man Shanu a Kan Ƙarfen Yaya Yahanasu

Yayata Yahanasu tun muna Kurfi take kitso, tun kafin ta iya tuƙa tuwo. Da aure ya kai ta Dutsin-Ma, sai kawunan mutane suka bi ta can: matan ma'aikata, amaren Kutawa, har matan masuntan Zobe in sun shigo cin kasuwa. Ita hannunta ba ya zama. Ko hira kuke, sai ki ji yatsunta cikin gashinki.

Sai sanyin ƙashi ya kama mata yatsu. Ta bar ƙananan kitso ta koma shuku, daga baya shukun ma in ta yi, kafin Juma'a ya warware. Mata suka janye a hankali, ba wadda ta ce mata komai. Wata rana na iske ta a tsakar gida ta ɗora hannuwa a cinya tana kallonsu. Na san Yaya, in ta zauna haka ba za ta tashi ba.

'Yarta Rukayya da ke jami'a ita ta kawo ƙarfen nan na miƙar da gashi, mai baki biyu, wanda ake jonawa da wuta. Ta ce 'yan makarantarsu neman mai miƙar musu da gashi suke ido rufe, kuma shi ba ruwansa da yatsu, matsewa ce kawai a ja. Yaya ta jujjuya shi ta ce ai dutsen guga ne aka tsaga biyu. Rukayya ta koma makaranta ba wani bayanin kirki, yaran yanzu komai a tsaitsaye.

Ni na ba da kaina a gwada. Da aka kawo wuta na tsefe na zauna. Yaya kuwa tun da take, ba ta sa hannu a kan mutum sai da man shanu. Ta lakato ta mulke mini gefen hagu, ta ɗora ƙarfen da zafinsa. Sai hayaƙi, sai ƙauri. Gashin ya soyu, ya biyo matsefi.

Ta zare wayar ƙarfen, ta naɗe, ta tura shi ƙarƙashin gado.

"Ummi, ki yafe mini," ta ce. "Na gama da kan mutane."

Wallahi maganar ta fi ƙunar yi mini ciwo. Ina isa Kurfi na kira Rukayya na wanke ta tas, sannan ta yi bayanin da ya kamata ta yi tun farko: a wanke kai, ya bushe ƙarau, ba mai, a rage zafi. Washegari na wanke kaina da sabulu, na hau mota na dawo.

"Me kuma?" in ji Yaya.

"Saura gefen dama."

"Ke ba ki da hankali."

"Na ji. Ɗauko dai."

Ta daɗe tsaye kafin ta durƙusa ta jawo shi. Ta ɗora ƙarfen a bayan kunnena, ban waiwaya ba. Da ta gama, gashin ya sauko sumul, gefe guda.

Yanzu in an kawo wuta ɗakinta cike yake da 'yan jami'a, tana yi musu faɗa a kan mai kamar ita ta kafa dokar. Gefen hagu nawa bai dawo ba, ɗankwali nake ja in rufe. Ta sha cewa in matso ta duba wurin. Har yau ban bari ta gani ba.