Mani Wanzami da Lambar Wuta

Ranar Talata, sha tara ga watan Sha'aban, wadda takardun Nasara suka kira 12 ga Afrilu 1955, tsakanin azahar da la'asar, Allah ya karɓi ran Baba Mani Wanzami a gidansa da ke nan Dogon Dutsi. Mai shi ya kira shi ya amsa, mu ma muna bisa hanya. Labarin ya iske ni a rumfar Rabo mai goro, ina tsakiyar yabon wani bijimi da ko ganinsa ban taɓa yi ba. Ban ƙarasa yabon ba.

Ni ne Habu dillali. Wanda bai san fuskata ba ya san muryata. Na yi shekara huɗu a lakwal, makarantar Nasara, abin da na tsira da shi kuwa shi ne rubutun nan, da ɗan Faransancin da nake kare kaina da shi gaban gardi, dogarin Nasara. Na rubuta takardar nan domin a karanta ta a ƙofar gidan mamaci ranar sadakar bakwai, kuma na roƙi mai karatu kada ya tsallake layi ko ɗaya, ko da ya ga mutane sun fara waiwayena.

Baba Mani, agana ta kama ka tun kana yaro, ta bar maka zanzana a fuska, ta tafi da idonka na hagu. Ba ka taɓa ɓoye wannan ba. In kana yi wa mutum aski ya tsura maka ido, sai ka ce ya kalla da kyau, kallon kyauta ne. Shi ya sa shekara goma sha biyu da suka wuce, da kumandan, Baturen mulki, ya ce a ba shi ɗan gari wanda zai riƙa bin sawun mai lamba, mai tsagar rigakafin agana, manya suka yi ta sunkuyar da kai, sarki ya nuna ka. Ya ce ba kan da bai taɓa ratsa hannunka ba a garin nan, ba kuma gidan da ake hana wanzami shiga.

Yaran yanzu ba su san yadda aikin yake ba, bari in faɗa musu. Mai lamba yakan fito daga gidan likita da maganinsa cikin ƴan kwalabe, a naɗe da jiƙaƙƙen tsumma don kada zafi ya kashe shi. Ya tara mutane, ya tsaga damtse, ya shafa, ya hau dokinsa ya wuce. Shi nasa ya ƙare. Bayan kwana takwas sai Baba Mani ya ɗaura wa jakinsa zabira ya bi baya, Ɗan Kassari, Sukukutane, ya gangara har Tibiri, yana buɗe hannuwa ɗaya bayan ɗaya. Wanda wurin ya kumbura ya yi ƙurji, lamba ta kama. Wanda wurin ya bushe sumul, sai a sake. Aikin ke nan, a faɗe ba wuya. A yi shi cikin bazara, bisa jaki, a rairayin Arewa, shekara goma sha biyu, shi ne abin da ya cinye ƙafafunsa.

Mutanenmu kuwa ba su sauƙaƙa maka ba, Baba Mani. Da mai lamba ya juya baya, uwa za ta ja ɗanta bayan rumbu ta goge wurin da ruwan tsamiya ko toka, wata ma ta sa baki ta tsotse ta tofar. Ba mugunta ba ce. Cutar nan da ta bar maka zanzana, wadda ko sunanta ba ma son kamawa, sai dai mu ce ƴan rani, iyayenmu sun ce tana da mai ita, kuma wanda ya tsaga fata ya zuba mata iri, ya kira ta cikin gida da kansa. Maza su kuma nasu dalilin gajere ne: hannu zai kumbura mako guda, gona ba ta jira.

Ba ka taɓa yin gardama da kowa bisa iskoki ba. Abin da ka yi, ka shimfiɗa tabarma ƙarƙashin inuwa kusa da mai lamba, ka ce duk yaron da aka tsaga, askinsa kyauta ne, amma sai ya zauna layi nan gabanka. Sa'annan ka kama aski a hankali, a hankali, kana wasa aska bayan kowane shafi, har maganin ya bushe a hannun yaran duka. Ina nan wata rana a Ɗan Kassari da wata tsohuwa, Ajuma, ta gaji da jira ta ce:

"Mani, aski kake ko saƙa? Rana ta yi tsaka, ban ɗora tukunya ba!"

Ka ce, "Kan jikanki ne da tudu da kwari, Ajuma. Gadon wa ya yi? In na yi sauri na yanke mishi kunne, ke za ki biya ni aska."

Aka yi dariya, ta zauna. Ta san abin da kake yi, kai ma ka san ta sani. A haka ka tsare yara fiye da yadda bulalar gardi ta taɓa tsarewa.

To, yanzu na iso wurin da ya sa na ɗauki alƙalami, kuma gaskiya na fi son in ci gaba da ba da labarin aski.

Shekarar da aka kafa gardi a bakin kasuwa suna duba damtse, aka ce marar tabon lamba ba ya shiga. Ni ne aka ba shela. Da safe in zaga gari ina kiran a fito lamba, muryata har bayan dutse. Da hantsi kuwa in tsaya nesa kaɗan da ƙofar kasuwa, in tare makiyaya da fataken da suka ƙetaro daga wajen Ingilishi, waɗanda aka kora. In ja su bayan rumfunan masu fata, inda wani mutum, ya rasu, Allah ya yafe mana ni da shi, yake ɗana musu bakin karan hatsi mai wuta a damtse. Bayan mako uku ya warke ya bar tabo zagayayye, gardi ya duba ya ce wuce. Ba kyauta na yi ba, kada wani ya yi mini wannan zaton. Na ce wa kaina lalas ne, abin da muka tashi muka iske ana yi wa mai targaɗe da mai ciwon gwiwa. Na ɗauka Nasara nake yi wa wayo. Duk wanda ya tambaye ni, na ce masa tabo tabo ne, duk ɗaya. Da yawa sun yarda, don a ganinsu tabon shi ne maganin, kamar laya.

Gardi yana duba da ido. Kai kuwa, Baba Mani, da babban yatsa kake dubawa. Ka ce lambar gaskiya tana barin ƴan ramuka ƙanana a gindinta, ta wuta kuwa santsi gare ta. Kakan rufe idon naka guda ɗaya ma, ka shafa, sa'annan ka sunkuya kunnen mutum ka ce, "Wagga wuta ce. Tai a sake ma." Ba ka taɓa tambayar wa ya yi ba.

Wata safiya ka zo gidana yi mini aski. Ɗiyata Lantana, lokacin shekararta shida, ta kawo ruwa. Uwarta ƴar gidan bori ce, ta rantse ba mai tsaga mata ɗiya, ni kuwa ina son zaman lafiya, sai na bi da yarinyar ta hanyar da na saba. Ka kamo hannunta kana mata wasa, yatsanka ya sauka bisa tabon. Na ga fuskarka. Ka ce:

"Ɗan lakwal, har cikin gidanka?"

Na fara magana, kun san ni, ba na rasa abin faɗa. Ka mai da aska cikin zabira, ka saɓa yarinyar a kafaɗa, ka nufi gidan likita. Ka bar ni da rabin kai a aske. Na zauna cikin zaure har la'asar ina jiran ka dawo ka ƙarasa, ba ka dawo ba. Kwana uku ina yawo da hula har kunne.

Bazarar 1950 ƴan rani suka shigo. Lantana ta kwana ɗaki ɗaya da ɗiyar ƙanena wadda cutar ta kama, ko zazzaɓi ba ta yi ba. Amma Manu, ɗan Gidaɗo makiyayi, saurayin da ni na riƙe hannunsa aka ɗana masa kara, ya tashi ba ido ko ɗaya. Gidaɗo ya iske ni a kasuwar shanu. Bai ɗaga murya ba, bai ɗaga sanda ba. Ya ce, "Habu, kai kac ce mini duk ɗaya ne." Ya juya. Har yau ni yake kawo wa shanunsa in sayar, ban san ko yafiya ce ko hukunci ba.

Daga ranar na bar wannan sana'a. Na zo wurinka, Baba Mani, na fara ba ka sunaye, biyu yau, uku wani mako, kamar mai fidda ƙaya, don tsoro bai bar ni na zube su gaba ɗaya ba. Ka bi su. Shekara biyar kana bin su ruga ruga, ƙauye ƙauye, bayan aikinka na kullum. Jakinka ya mutu a hanyar Sukukutane, ka ci gaba a ƙasa. Da lokotoro, babban likitan Nasara, ya tambaye ka abin da ya sa ake yawan sake wa mutanen yankin nan lamba, na ji da kunnena, don ni na yi tafinta, ka ce fatarmu ta Arawa ce da tauri. Na juya masa maganar cikin Faransanci kamar ban san komi ba. Kalma guda daga bakinka ta isa a ɗaure ni. Ba ka faɗe ta ba, ba ka kuma taɓa yi mini gori ba, sai dai ba ka sake taɓa kaina da aska ba. Abin da ka samu a aikin duka, riga guda da wata takardar yabo da gara ta cinye.

Ranar Lahadi, kwana biyu kafin rasuwarka, na zo gaishe ka da la'asar. Kana kwance a zaure, ƙafafu sun kumbura. Ko gaisuwa ba ka bari mun gama ba.

"Saura nawa?"

Na ce, "Za su kai arba'in, Baba. Makiyaya ne da fatake. Ban san sunansu ba."

Ka ce, "Su sun san naka. Tashi ran kasuwa ka hwaɗi da bakinka, wanda ya ji ya kai ma wanda bai ji ba."

Na ce kumandan zai rufe ni. Na ce dillali da bakinsa yake ci, wa zai sake ba ni igiyar saniyarsa bayan na tsaya gaban jama'a na ce na yi musu ƙarya? Na kawo dalilai masu kyau, wallahi ko alƙali sai ya jinjina. Ka saurare ni har na ƙare, sa'annan ka juya fuska wajen bango ka ce, "Ni dai na gaji, ɗan lakwal." Na ce zan yi tunani. Ina cikin tunanin aka zo aka ce ka tafi.

Ran da muka dawo daga maƙabarta, wani mai raƙumi ya kawo labarin cewa ƴan rani sun shiga gida uku a wajen Tibiri. Yanzu ba mai yatsan da zai bi hannuwa.

Saboda haka, jama'ar da ke zaune bisa tabarmin nan, ku ji. Duk wanda ni Habu na taɓa ja bayan rumfunan masu fata, ko shi, ko ɗansa, ko matarsa, abin da ke damtsensa ƙuna ce. Ba ta tsare komi. Ƙarya na yi muku. Wanda ya san wani a ruga ko a ƙetaren iyaka, ya aika masa. Jiya na tafi gidan likita na faɗa wa mai lamba duka. Ya ce dole ya sanar da kumandan, na ce ya sanar. Ya yarda zai zauna bakin kasuwa ranar Juma'ar nan tun da safe. Ita ce Juma'a ta ƙarshe kafin azumi, kun kuwa san ba mai yarda a tsaga shi da azumi a baki, don haka kada a ce sai wani mako. Zan tsaya kusa da shi, don ko ban san sunaye ba na san fuskoki. In kun zo ba ku gan ni ba, kun san inda nake, ku miƙa hannu dai. Wanda yake da zagi ya zo da shi, zan karɓa, amma a tsaga shi tukuna.

Inna Zalihatu, uwargidan Baba Mani, ke kika san yawan daren da tuwonsa ya huce yana kan hanya, kuma yau kin san don wa. Ina yi miki ta'aziyya, ina kuma neman gafararki, in za ki iya. Buba da Sallau, zabirar ubanku tana hannunku, Allah ya sa mata albarka. Kaltume, ɗiyarsa, Allah ya ba ki haƙuri. Ina yi wa wanzaman Arewa ta'aziyya, da duk uwar da ta taɓa zama layin aski tana ƙunƙuni, ɗanta kuwa ga shi yau da idanunsa biyu.

Allah ya jiƙan Baba Mani. Allah ya yafe masa kurakuransa, har da ƙaryar da ya yi wa lokotoro domina, a ɗora ta a kaina. Allah ya yalwata kabarinsa, ya sanyaya shi, ya mayar masa da idon da ya rasa a gidan da ba cuta. Ya tsare ƙasar nan daga abin da ke tafe. Allah ya ba shi hutun da muka hana shi. Amin.

Habu dillali,
Dogon Dutsi.