Inna a Bakin Ƙofar Filin Kwando

Ana idar da sallar asuba muka bar Dammam, mu uku a mota: ni, da mahaifiyarmu Inna, da wani abokin aikina ɗan Gusau, wanda motar tasa ce, surutun ma nasa ne. Riyad muka nufa. Yayana Haruna ya daɗe yana buga wa wata ƙungiyar birnin ƙwallon kwando, ranar kuwa za su yi wasan ƙarshe na gasar rufe kaka, kuma likita ya riga ya gaya masa gwiwarsa ba za ta sake ɗaukar wata kakar ba. Ya bugo mini waya asibitin da nake aiki, ya yi ta kewaye-kewaye, da ƙyar ya fito da maganar: "Ka zo mini da Inna. Ko sau ɗaya dai ta gani."

Sai na yi muku bayanin Inna. Haruna ɗan fari ne, ita kuwa ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu bibbiyu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai "wancan dogon" ko "yayanku". In ya shigo ɗaki, sai ta tuna tana da aiki a tsakar gida. Ta zo Saudiyya ne da bizar ziyara saboda matata ta haihu, kuma mako mai zuwa za ta koma Zariya. Da na ce mata za mu Riyad, ba ta tambayi dalili ba. Cewa ta yi ta ji ana yabon dabinon garin, gara ta je ta zaɓo tsaraba da kanta. Amma na lura atamfar da ta ɗinka don ranar suna ta ɗaura a ƙarƙashin abaya.

Hanyar nan abin a zo a gani ce. Miƙaƙƙiya, shimfiɗaɗɗiya, babu rami ko na rantsuwa, an katange gefenta da waya saboda raƙuma. Da hantsi muka shiga wani yashi ja jawur, tudu bayan tudu har iya ganin ido. Inna ta manna goshi a gilashi tana ta tasbihi, ta ce ita dai ba ta san Allah Ya yi ƙasa mai wannan launi ba. A shingen 'yan sanda aka duba iƙama, wato katin zama a ƙasar, da takardar izinin kafil, wato uban aikinmu. A wata mahaɗɗa, wato gidan mai, muka karya da burodin tamis mai zafi da dafaffen waken da suke kira ful da shayi. Da abokina ya gaya wa Inna cewa litar mai ta fi gorar ruwa araha, ta dube shi ta ce ya ji tsoron Allah.

Daga nan har Riyad tarihin gasar ya yi ta zuba mana, ba wanda ya tambaye shi. A cewarsa, in an gama wasannin kaka sai a ware ƙungiyoyin da suka fi maki, a shiga sili-ɗaya-ƙwale, wanda ya faɗi ya naɗe tabarmarsa. Ya ce ƙungiyoyin Jidda da Madina sun sha ɗauke kofin a gaban mutanen Riyad, abin yana ci musu rai. Ya ba mu labarin wasan kusa da na ƙarshe, yadda Haruna ya jefa ƙwallo ana busa tashi, ta yi ta zagaya bakin kwando kamar mai shawara, sannan ta faɗa. Sitiyari ya saki don ya kwatanta jifar. Inna ta ce ya kama motarsa, amma ba ta ce ya yi shiru ba.

Riyad ta cika mana ido. Gadoji bisa gadoji, tituna masu faɗin filin idi. Muka bi ta Murabba, inda tsohuwar fadar ƙasa take tsaye kusa da doguwar hasumiyar ruwa, Inna ta ce wannan ginin kam ta gane shi, irin na gida ne. Muka ci kabsa, dafa-dukan shinkafarsu da nama, muka sayi dabinon da aka fake da shi, bayan la'asar muka nufi filin wasa.

Mai gadin ƙofa, wani dattijo mai jan gemu, ya ɗaga hannu ya ce, "Mamnu'u. Harim, la." Mata ba sa shiga. Ni da na yi shekara da shekaru a ƙasar nan na san haka sarai, amma na ɗauka Haruna ya nemi alfarma wurin shugabannin ƙungiya. Shi kuma, daga baya na ji, ya ɗauka uwar ɗan wasa ba ta cikin doka. Ba wanda ya tambayi wani, don maganar Inna da Haruna a gidanmu da gefen baki ake yinta. Na yi magiya, na ce "Ummu Harun" ce, wato mahaifiyar Haruna, daga Najeriya. Dattijon ya dafa ƙirji ya ce wallahi ba daga shi ba ne.

"Ku shiga abinku," in ji Inna. "Ni dama dabino ya kawo ni."

Na shiga da nauyin zuciya, amma abin da na gani ya sa na saki baki. Ɗaki ne guda, rufaffe, ya haɗiye dubban mutane, sanyin na'ura na ratsa ƙashi. Fararen riguna reras har kusa da rufi, ana kaɗa ganguna, ana amshi da tafi. Daɓen katako yana ƙyalli, takalma na ƙugi a kansa. Ga yayana can a tsakiya, gwiwa ɗaure da bandeji, ya kere kowa tsawo. Wannan dai Harunan da Baba yake kora da tsumagiya daga filin makaranta. Na ga ya yi tsalle ya kaɗe ƙwallo daga hannun wani ƙato, ya ruga ya dankara ta cikin kwando har ƙarfen ya girgiza. Sai ɗakin nan ya ɗauka da murya ɗaya: "Ha-run! Ha-run!" Shi kuwa kowace jifa ya yi sai ya waiga wajen kujerun baƙi, yana neman wadda ba ta nan.

Da aka tafi hutun rabin lokaci na fito da gudu. Ban same ta a mota ba. Ashe dattijon nan ya kai mata kujerarsa bakin wata ƙaramar ƙofa ta gefe, ya tokare ƙofar da bulo, ya ajiye mata gahawa. Ba a hango komai daga wurin sai bango, amma ana jin komai.

"Wa suke ta kira haka?" ta tambaye ni, idonta a ƙasa.

"Yaya ne, Inna."

"Duk mutanen nan?"

"Dukansu."

Ban koma ciki ba, na tsuguna gefenta muka ƙarasa wasan da kunne. In ihu ya tashi ta damƙe gefen abaya, in aka yi tsit ta ja carbi. Da ƙarar ƙarshe ta fashe, dattijon ya leƙo yana dariya har da hawaye, yana taya ta murnar nasara: "Mabruk, ya Hajja!"

Can sai ga Haruna ta ƙaramar ƙofar, yana ɗingishi, jiƙe sharkaf da gumi, kofi a hannunsa, samari na biye da shi suna waƙa. Yana ganinta ya ajiye kofin, ya durƙusa har ƙasa a kan gwiwar nan mai ciwo. Inna ta kawar da kai gefe, ta ce da ni, "Ka ce masa ya tashi, zai fama ƙafar." Sannan a hankali, har yanzu ni take kallo, "Ka ce masa na ji."

A gidansa da ke unguwar Badi'a muka kwana, da safe muka juyo. Tafiyar ta koya mini cewa a gidanmu mun mai da shiru tamkar magana, har muna manta akwai abin da sai an buɗe baki an tambaya. Da mun tambaya, da wataƙila ba mu ɗauko tsohuwa wannan nisa ba, kuma da mun yi babbar asara.

Mun shiga jan yashin nan abokina ya gaji ya yi shiru, ni ma na lumshe ido. Sai na ji wani ɗan sauti daga baya. Na saci kallo ta madubi. Inna ce, fuskarta a taga, tana buga yatsu a gwiwa daidai kiɗan jiya, tana faɗa can ƙasan maƙoshi, "Ha-run. Ha-run." Na yi maza na sake rufe idona har muka iso Dammam.