Ranar da Aka Ci Kakana a Bayan Auyo

Mun tashi da asuba daga Haɗeja, Kaka da sandarsa, ni da allon ces a naɗe cikin zanen Inna kamar jaririya. Ces ita ce darar nan mai sarki da sarauniya da dawakai da sojoji. Kaka ya koye ta yana malamin sakandare, ya yi ta lashe gasar malaman yankinmu har abokan wasa suka riƙa kamuwa da zazzaɓi ranar haɗuwa da shi. Kofinsa na kan kabad, Inna na ajiyar allura a ciki.

Mutum ɗaya ya taɓa tsare masa gaba, wani ticha Kirista mutumin Filato, da ya yi ritaya a wani ƙauye bayan Auyo. 'Ya'yansa za su mai da shi gida, shi ne ya aiko a zo wasan ban kwana. To, idon Kaka ya tafi tun bara, inuwa kawai yake gani, kuma ya hana a gaya wa abokin. Wai in ya sani zai bar masa wasan don tausayi, shi kuwa gara a jefa shi kogi. Aikina in zauna gefensa in riƙa raɗa masa abin da aka motsa.

"Amarya, kika tona min asiri na sake ki," in ji shi, irin wasanmu na kaka da jika. Na ce ya saka ɗin, mu ga mai kwasar tsoho mai haƙori uku.

Motar Auyo ta girgiza mu har kokon da na sha ya koma gasara. Daga nan acaɓa, sai hanya ta nutse a ruwa, muka shiga kwalekwale. Shinkafa kore shar hagu da dama, masunta na jan koma, sauro kuwa kowanne ya kai zabuwa. Kaka ya ce in faɗa masa duk abin da nake gani. Na faɗa, har da ƙari.

Ticha ya tare mu a bakin ruwa ya rungume shi. Matarsa ta cika mu da gwate da soyayyen kifi, sannan aka kafa allo a gindin mangwaro. Raɗata dai ana jin ta har daga garin Malam Madori, amma Ticha ya yi kamar kurma.

Dokar wasan, abin da ka taɓa shi za ka motsa. Kaka ya miƙa hannu zai ɗauki doki, sai ya sauka kan sojan da ke kare sarkinsa. Na ga yatsunsa sun gane kuskuren. Bai janye ba, ya tura sojan.

Ticha ya daɗe yana kallon fuskarsa. Sai ya cire tabarau, ya juya kujerarsa ya ba allon baya.

"Malam, allo na yara ne. Mu yi da ka, ba kallon allo, kamar da can a bayan babbar mota. Jikarka ta motsa mana."

Haka suka yi, kowa na faɗin nasa, ni ina turawa. Na zaci zai sassauta. Ina! Ya cinye sarauniyar Kaka, ya bi sarkin lungu-lungu har ya rufe shi. Kaka ya yi dariya har hawaye, ya lalubo hannun abokinsa ya riƙe, ya ƙi saki har mai kwalekwale ya gaji da kira.

Da la'asar sakaliya muka iso gida. Kafin Inna ta gama sannu da zuwa ya ce, "Ya ci ni, ci na rashin imani!" yana washe baki kamar an ba shi kujerar Makka.

Da ina ganin mai ƙaunarka shi ne mai raga maka. Ticha ya san komai, ya rufa wa Kaka asiri, kuma ya lallasa shi kamar mai ido biyu. Ban taɓa ganin an girmama tsohon nan haka ba.