Ranar da Taɓaryar Gwaggo Ta Nemo Mana Ruwa

Bana shekara goma sha tara ke nan da rasuwar yayana Mamman, wanda mutanen ƙasar Faskari suka fi sani da Mamman Duwatsu. Ni ce ƙanwarsa mai bi masa, ni kaɗai kuma na rage a ɗakinmu, don haka in ban ba da labarinsa ba, ban san mai bayarwa ba.

Karatun duwatsu ya yi, shi ne kuma aikinsa har ya bar duniya. Yakan ce dutsen nan da kake gani daram ya taɓa lanƙwashewa ya naɗe, wani wurin ya tsage ya goce. In ya ga ba ka gane ba, sai ya tashe ka daga tabarmar da kake zaune, ya turo ta daga gefe biyu har ta yi tudu da kwari, ya ce to ga Faskari nan. Tabarmin gidanmu sun ga ta kansu a hannun Yaya. Dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa kuwa saurarensa yake yi. Akan kafa wasu ƙusoshi a jere, waya ta haɗa su da na'ura, a ajiye farantin ƙarfe a ƙasa a maka masa guduma. Girgizar ta shiga ƙasa ta dawo, na'ura ta zana a takarda. Daga zanen yake gane inda dutse ya taso, inda ya nutse, da inda ya tsage.

Lokacin kuɗin mai ne, ko'ina zancen mai. Ranar da ya shigo ƙauyenmu da mota da wayoyi, kafin la'asar labari ya kai Sheme cewa an ga mai a gonar Baba. Shi kuwa Baba ruwa ne damuwarsa. Rijiya biyu ya sa aka haƙa, duka suka ci karo da dutse, shanu suna ramewa, mata na yini a hanyar rafi. Ya riga ya furta cewa in rani ya ƙare babu ruwa, zai kwashe mu zuwa Daudawa, ya bar gonar kakanninsa. Har an fara ɗaure kaya. Shi ya sa Yaya ya roƙi aron na'urar daga wurin aikinsu, aka ba shi kwana uku tak. Ya ce in akwai tsaga a dutse, nan ruwa ke taruwa.

Ranar farko takarda ta fito da kwaramniya, kamar kaji sun yi tsere a kanta. Ya kwance na'ura, ya hure, ya ɗaure, ya yi wa wayoyi faɗa kamar suna ji. Washegari da hantsi ma haka. Ina tsaye da ƙwaryar furarsa, na ga ya durƙusa ya dafa ƙasa, sannan ya ɗago yana kallon gari. Ashe mu ne. Suna ake shiryawa a gidan maƙwabta, mata sun haɗu suna lugude, turmi shida ko bakwai, kuma na'urar Yaya babu wanda ba ta jiyowa.

Ya tafi ya durƙusa gaban Gwaggo Tabawa, yayar Baba, wadda ko mai gari ba ya son ta juyo kansa. Ta saurare shi har ya gama, ta ce, “Mu bar daka? Halan takardar taka za a tuƙa maka ka ci?” Sai da Baba ya sa baki kafin ta yarda, shi ma a rana ta uku, daga hantsi zuwa azahar kawai. Ban taɓa jin garinmu shiru irin na ran nan ba. Matan da aka raba da turmi kuwa duk suka biyo mu gona kallo.

Bugu na huɗu, ƙotar guduma ta karye. Wallahi na ga idon Yaya ya cika. Maƙeri sai Sheme, azahar na matsowa, gobe kuma mota za ta koma da na'ura. Gwaggo ta yi tsaki ta ce, “Wanga ɗan bugun ne aka tara mu dominsa? Ku ɗauko mani taɓaryata.” Taɓaryar kirya ce, ni da hannu biyu nake ɗaga ta. Yaya ya kwance wayar da ke jikin guduma ya ɗaura wa taɓaryar. Gwaggo ta gyara ɗamara, ta sauke ta kan farantin. Ya duba takarda, ya sake dubawa, ya ce, “Gwaggo, ƙara.” Ta ƙara. Daga baya ya sha faɗa cewa a duk ma'aikatansa babu mai bugu daidai wa daida kamarta. Haka ta bi layin nan har ƙarshensa, kuma ita da kanta ta ɗaga wa'adi zuwa la'asar, ta ce kowa ya ci ɗumame.

Tsagar ba ta fito a fadama ba, inda kowa ke zato. Can kan tudu ta fito, bayan wata tsamiya. Masu haƙa suka yi dariya, Baba ya ce su haƙa. Da suka kai zurfin gaba tara, ƙasa ta jiƙe. Baba ya dawo gida ya ce wa Inna ta kwance kayanta.

Da Yaya zai leƙo yau, na san zai sha mamakin yadda 'yan aikinsa ke ganin cikin dutse a kwamfuta, kuma sai ya hana su sakat da tambaya. Zai yi faɗa da motocin haƙa burtsatse da ke kafa ƙarfe duk inda mai gida ya nuna da yatsa, ba a saurari ƙasa ba. Zai yi baƙin cikin duwatsun da yanzu ba a shiga saboda tsaro. Injin niƙa kuwa, ban san ko zai gode masa ko zai tsine masa ba.

Takardunsa suna cikin akwati, babu mai iya karanta su a gidan. Amma ba mu tashi ba. Jikokin Baba na noma gonar har yau, rijiyar ba ta taɓa ƙafewa ba. Rijiyar Tabawa ake ce mata, Yaya ma haka yake kiran ta, bai taɓa gyara wa kowa ba. Da ya rasu aka kawo shi gida, daga cikinta aka jawo ruwan da aka yi masa wanka. Allah Ya sanyaya makwancinka, Yaya, kai da Gwaggo.