Makullin Verna Ba Ya Buɗe Ƙofa Shi Kaɗai

Kowace safiya ta aiki, Verna Pruitt takan ajiye tsohuwar motarta a bayan ofishin zaɓe na gundumarmu a nan Ohio, ta fito da kofi biyu, ɗaya baƙi, ɗaya mai madara. Baƙin nata ne. Sai ta tsaya a ƙofar ɗakin ajiye ƙuri'u tana jira. Kwaɗo biyu ne a jikin ƙofar: makullin ɗaya yana hannun 'yan jam'iyya mai alamar giwa, na ɗayan yana hannun 'yan jam'iyya mai alamar jaki. Verna 'yar giwa ce tun kaka da kakanni. Makullin jaki kuwa yana aljihun Delbert Yoder, tsohon mai raba wasiƙu, wanda tun da Allah ya yi shi bai taɓa zuwa wuri a kan lokaci ba.

"Tsohon jaki, sai yanzu?"

"Ke da kike giwa, ki banke ƙofar mana, me kike jira?"

Haka suka yi shekara talatin da ɗoriya. Ƙarshen watan nan Verna za ta ajiye aiki, kuma na san babu titin da za a sa wa sunanta. Ni ban yi nisa a makaranta ba, tirela na ja har gwiwoyina suka ce sun gaji. Amma na zaga ƙasar nan, na san bambancin mai aiki da mai surutu, shi ya sa na ce sai na faɗi nata tun tana ji da kunnenta.

Aikinsu duk biyu-biyu ake yin sa. Ɗaukar akwatin ƙuri'a, mota ɗaya, giwa da jaki. Ƙirga, giwa da jaki. Idan tsoho yana kwance a gidan kula da tsofaffi ba ya iya riƙe biro, su biyun za su je gefen gadonsa, ɗaya ya cike masa takarda, ɗaya ya sa ido. Da can ba wanda ya damu da wannan tsari. Mu dai mun san ranar zaɓe za mu ga Verna da rigar sanyinta mai ruwan toka, ta kira kowa da sunan da uwarsa ke kiran sa, ta manna masa 'yar takardar "na yi zaɓe" a ƙirji.

Sai aka shiga shekarun nan da har yau in na tuna su bayana ke ciwo. Aka ce wata ƙasa ta sa hannu a zaɓenmu, aka yi bincike, rahoto ya fito mai kaurin bulo. Ban san mutum ɗaya a garin nan da ya karanta shi ba, amma kowa ya san abin da ke ciki. Daga nan majalisar wakilai ta taso da batun tsige shugaban ƙasa, ɗan jam'iyyar su Verna. A shagon abincin Dot, inda muke karyawa, teburan bakin taga suka zama na giwa, na kusa da kicin suka zama na jaki. Masu aski biyu ne a garin, kowa ya san nasa.

Wayar ofishin zaɓe kuwa Verna ce ke ɗauka. Wannan ya kira ya ce mata ɓarauniyar ƙuri'a. Tana ajiyewa wani ya kira, ɗan jam'iyyarta, ya ce mata munafuka mai yawo da maƙiya a mota. Duk ta saurara ta ce, "Na ji. Ka san rumfar da za ka yi zaɓe, ko in duba maka?" 'Yarta ta cikinta ta daina zuwa cin talotalon bikin godiya na shekara-shekara, wai ba za ta haɗa tebur da masu kare shugaban nan ba.

Kada wani ya ɗauka waliyyiya nake yabo. Verna na da baki, ina wurin ranar da ta buɗe shi. Ana nuna zaman majalisa a talabijin ɗin Dot, sai Delbert ya ce da ƙarfi, "Shugaban nan maƙaryaci ne, kuma duk wanda ya zaɓe shi ya san abin da ya zaɓa."

Verna ta ajiye cokali. "Har da ni?"

"Ke ce a gaban layi."

"Ku kuma tun ranar da aka rantsar da shi kuka sayi igiyar rataye shi, laifin ne kuka tsaya nema daga baya. Mutumin da ya kasa kai wasiƙa gidan da ya dace, shi zai gaya mana yadda ake riƙe ƙasa?"

Delbert ya tashi, bai ko taɓa ƙwansa ba. "Su nemi wani jakin," in ji shi. "Ni na gama zama mota ɗaya da ke."

Ya mayar wa shugaban jam'iyyarsu makulli. Shugaban kan zo ya buɗe kwaɗo ya wuce harkarsa, amma zuwa gefen gadon tsofaffi, ba mai lokaci. Wa zai so aikin da ladansa zagi ne? Can a babban birni majalisar dattawa ta yi ƙuri'arta, kusan kowa ya bi bayan jam'iyyarsa, shugaban ƙasa ya ci gaba da zama a kujerarsa, suka tafi hutu. Mu aka bari da gabar.

Zaɓen ɗan majalisarmu ya zo, shi kuwa yana cikin waɗanda suka ce a tsige. Ranar ƙarshe ta karɓar ƙuri'un marasa lafiya, Verna ta je gidan tsofaffi ita kaɗai, ko Allah zai sa a turo mata wani. Ba a turo ba. A ciki akwai Iya Opal Teague, ta haura casa'in, ido ya tafi, ba ta taɓa fashin zaɓe ba, likita kuma ya riga ya ce da wuya ta ga bazara. Tun da safe ta sa aka taje mata kai. Charlene, nas ɗin da ke kula da ita, ita ta ba ni labarin.

"Anti Verna, ki shiga kawai ki cike mata. Wa zai sani?"

"Ranar da aka sani, ƙuri'ar Iya za a jefar, ba ni ba. Ki ce mata ina zuwa."

Ta ja mota sai gidan Delbert. Ta same shi yana kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gida, matarsa na leƙe ta taga.

"In haƙuri kika zo bayarwa, ɗaga murya, kunnena ya yi nauyi."

"Ban zo ba da haƙuri ba. Abin da na faɗa, gobe ma zan faɗa."

"To me ya kawo ki?"

"Iya Opal na jira. Ba ta gani. Hannuna ne zai cike mata takarda. Makulli ka mayar, rantsuwar aikinka tana nan."

"Verna, ni fa yanzu ban yarda da ke ba. Ko kaɗan."

"Madalla, shi nake nema. Wanda ya yarda da ni ba shi da amfani a gefen gadon nan. Shiga mota."

Ya jingine shebur ɗinsa ya shiga motar, ya rufe ƙofa da ƙarfin da bai kamata ba.

Suna shiga ɗaki Iya Opal ta ce, "Warin tabar Delbert nake ji. Ɗan nan, har nan ma sai da ka makara? An ce kun yi faɗa kamar 'yan firamare. Ku zauna, ba ni da lokacinku."

Verna ta karanta sunayen 'yan takara da murya ɗaya, ba ta ɗaga wa wani ba, ba ta sauke wa wani ba.

"Wanne ne ya ce a tsige shugaban naku, 'yar nan? To shi nake so. Ki cike da kyau, kada hannunki ya yi rowa."

Verna ta cike da'irar da ke gefen sunansa har ta yi baƙi ƙirin, ta juya wa Delbert takardar. Charlene ta ce ba duban kunya ya yi ba. Sai da ya sa tabarau ya bi ta layi-layi, kamar mai neman kuskure. Sannan ya ce, "Daidai ne, Iya." Suka sa hannu a ambulan, giwa a sama, jaki a ƙasa.

Ba a rungumi juna ba. Ɗan majalisar ya sha kaye da rata mai yawa, yanzu yana talabijin yana sharhi, ya yi ƙiba. Iya Opal ta rasu kafin ƙanƙara ta narke. Delbert ya karɓi makullinsa, yana karɓar kofinsa mai madara, amma a shagon Dot har yau teburinsu daban, kuma tsohuwar tsokanar nan sai jefi-jefi.

Verna, giwa mai jiran jaki a bakin ƙofa. Ke ce kika sha zagin gida da na waje da kunne ɗaya. Ke ce kika cike wa makauniya sunan mutumin da ba ki son ko jin muryarsa, kika kuma ɗauko wanda ya fi kowa zargin ki ya tsaya a kanki. Na ga gajiya a tafiyarki kwanan nan, mu muka ɗora miki ita. Mun gode. Allah ya huta da gajiyarki, ya dawo miki da 'yarki teburin biki.

Har zuwa yau ba wanda ya fito ya ce zai karɓi makullinta. Masu sharhi mun yi yawa a garin nan, na sani, ina cikinsu. Kai mai sauran ƙarfi a gwiwa, je ka karɓa. In ka tashi zuwa, kada ka nemi abokinka. Nemi mutumin nan da ba ka iya haɗa tebur da shi, ka saya masa kofi, ka tsaya a bakin ƙofa. Zai makara. Ka jira shi.