Abin da aka tafi da shi Yamai

A gidanmu ba a yar da abin da ya fita daga jikin mutum. Gashi, farce, mabiyiya, duk rami ake tona masu. Ni na bizne mabiyiyar 'ya'yana da jikokina a bayan ɗakina a Gangara, kuma har gobe na san gurbin kowace.

Maigidana ya daɗe yana ɓoye ƙullutun da ya fito mashi a maraina. Ni na gane, daga yadda ya koma hawa jaki a karkace. Na matsa ma babban ɗanmu ya kai shi likita a Maraɗi, aka yi mashi aiki aka fidda abin, bai fi gujiya girma ba. Na shimfiɗa gefen zanena in karɓa. Lokotoro, likitan da ya yi aikin, ya ce a'a, Yamai za a aika da shi. Wai a can ake yanka shi siriri siriri, a rina, a duba a madubin likita, don a san daga wane nama ya tsiro, tunda asalinsa ne ke nuna ko mugu ne ko mai zama wuri guda. Na ce to, in sun gama kallo su maido mani.

Ranar da muka koma gida na tona ɗan rami kusa da na 'ya'yan.

Bayan kaka labari ya zo cewa daga tantanin da ya lulluɓe wurin ya tsiro, ba ciwon daji ba ne, ba ya yaɗuwa. Kowa ya yi hamdala, ni ma na yi. Sannan na tambayi ina yake. Aka ce an daskarar da shi cikin kaki irin na kyandir an ajiye, ba a maidowa.

Maigida ya yi ta dariya har yana riƙe ɗinkin. "Ke tsohuwa, ni ban taɓa taka Yamai ba. Bar shi ya ga birni a madadina."

Ya yi shekaru lafiya lau, zazzaɓi ne ya ɗauke shi. Da maza suka auna shi da kara don tonon kabari, na tsaya a ƙofa ina kallon karan. Tsawonsa ne daidai, ba abin da ya ragu, amma ni na san da saura.

Ɗana ya je Yamai ya tambaya, ba wanda ya san ɗakin da aka ajiye shi. Ya roƙe ni in cike ramin, kaji na faɗawa. Na kife tsohuwar ƙwarya a kai. Kowace damina ruwa na cike shi da rairayi, kowace kaka sai in sake tonewa.